Ki Buɗe Idan Kin Isa Jos

Tcholliré, daren Laraba

Uwata,

Ina fata kin sauka lafiya, kin ci abinci, kin kuma sami inda za ki miƙe ƙafa. Na ba innarki wannan takarda ta cusa a ƙasan akwati, ƙarƙashin bargo, don na san ba za ki kwashe kaya ba sai sanyin Jos ya matsa miki. Na kuma san nawa halin. Gobe a tasha ba abin da zai fito daga bakina sai lissafin kuɗin mota da gargaɗi a kan ɓarayin waya. In zuciyata ta cika, faɗa nake komawa, kin sani tun kina ƙarama. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni mutum ne mai gaggawa. Duk shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa barin yaro ya tsaya kallon taga ba. Sai Allah ya ba ni ke. Aiken da ƙannenki ke yi kafin shayi ya tafasa, ke sai a kira azahar ba ki dawo ba, in aka bi sawu a tarar da ke a gindin tsamiya, kwalbar man gyaɗa a hannu, kai a sama. Na kira abin lalaci, na kira shi shashanci, akwai ranar da na kira shi abin da ya fi haka muni a gaban baƙi. Innarki ce kaɗai ta ce in ƙyale ki, wai ba kallo kike yi ba, ƙirga kike yi. A lokacin ban ga bambanci ba.

Ko kin tuna ranar da motarmu ta lalace kusa da gadar Binuwai, a hanyar Gijiba? Muka sauka bakin ruwa muna jiran makaniki. Ga wani ɗan tsuntsu yana gudu a kan rairayi, bayansa toka-toka, kansa baƙi da farin layi, cikinsa ja-ja. Wani dattijo cikin fasinjoji ya ce ai wannan shi ne mai sakace wa kada haƙori, kada ya buɗe baki, shi kuma ya shiga ya tsince naman. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Ke kuwa, da ba ki wuce shekara goma sha biyu ba, kika ɗaga kai kika ce, "Baba, kai ka gani da idonka?" Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na yi miki tsawa har kika yi kuka. Bayan shekaru kika kawo mini littafi kika nuna mini cewa labarin nan tsoho ne ƙwarai, wani marubucin Girka mai suna Herodotus ya rubuta shi shekara fiye da 2,400 da suka wuce, kuma har yau masana ba su tabbatar da shi ba. Abin da suka tabbatar shi ne tsuntsun yana binne ƙwansa a cikin rairayi, in rana ta take sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa a kogi, ya dawo ya kwanta a wurin don kada ƙwan ya dahu. Ba ki ce "ai na faɗa maka" ba. Kin ajiye littafin a buɗe kika tafi wanke-wanke. Wannan ma halinki ne, kuma ba daga wurina kika gado shi ba.

Da kika gama digiri a Jami'ar Ngaundere kika ce tsuntsaye za ki karanta, na yi shiru, kika ɗauka yarda ce. Hujja na tafi nema. Ina da tsohon aboki da ya yi aiki a makarantar horar da ma'aikatan gandun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970. Na same shi na ce ya nuna mini mutum ɗaya tak da ya tsufa a wannan sana'a bai mutu da yunwa ba. Ya yi dariya, ya haɗo mini takardu a kan wani Ba'amurke, George Latimer Bates. Na karanta su da niyyar in samo abin da zan karya miki gwiwa da shi. Ga abin da na samu.

An haife shi a 1863 a jihar Illinois. Ilimin addinin Kirista ya karanta a Chicago, kowa zai zaci limamin coci zai zama. A 1895, yana da shekara 32, ya taho Afirka, ya zauna a kudancin ƙasar nan ta Kamaru cikin mutanen Bulu, da farko wajen Efulen, daga baya a Bitye kusa da kogin Dja. Ya tarar da Jamusawa suna mulki, ya ga fitarsu a 1916, ya zauna ƙarƙashin Faransawa, shi dai yana nan a dajinsa. Gona yake yi, yana kuma aika halittun da ya tara zuwa gidan adana halittu na Landan. Ya koyi Bulanci har ya rubuta littafin koyon harshen. Kwaɗon nan da ya fi kowane kwaɗo girma a duniya, wanda ke iya haura kilo 3, daga hannunsa ya isa Turai, aka yi masa suna a 1906.

Amma tsuntsu ne aikinsa, kuma a nan na daɗe ina karatu, don ban taɓa sanin yadda ake yi ba. A zamaninsu babu kyamarar kirki, babu na'urar ɗaukar murya. Sai a harbo tsuntsu, a feɗe shi a tsanake, a raba fata da nama ba tare da gashi ya zube ba, a cusa auduga, a shanya. Sannan a ɗaura masa 'yar takarda a ƙafa: wuri, kwanan wata, namiji ko mace, launin ido da na baki kafin su dushe. Bates ba ya tsayawa nan. Yakan buɗe ciki ya ga abin da tsuntsun ya ci, ya duba ko yana lokacin ƙwai, ya rubuta sunan da mutanen gari ke kiransa da shi. Yau ɗaya, gobe biyu, shekara talatin da uku. Ki kwatanta: danshin kudu, tururuwa, zazzaɓi, fata tana ruɓewa kafin ta bushe, wasiƙa tana wata da watanni a hanya. Da na kai nan sai na ga ke ce zaune a wurin, da littafinki mai baƙin bango, wanda kike rubuta har ranar da ba ki ga komai ba.

Ya hauro arewa ma. A 1924 shi da David Bannerman suka buga bayanin tsuntsayen arewacin Kamaru da wani sashe na arewacin Najeriya a mujallar Ibis, a 1927 kuma ya rubuta a kan tsuntsayen yankin tafkin Chadi da lokacin da kowane iri ke hayayyafa. Wannan na ƙarshe ya ba ni dariya da farko. Wane manomi ne a Mayo Rai bai san shamuwa na zuwa da ruwan fari, ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari ba? Sai dai manomin, da ni malaminsa, ba mu san inda take tafiya in damina ta wuce ba. Mu dai mu ce ta tafi. Masu rubutu irin na Bates, wannan a nan, wancan a can, su suka haɗa kwanakin wata har aka gane kudancin Afirka take zuwa cin damina ta biyu.

A 1928 ya koma Ingila da zama, ba Amurka ba. A 1930 ya fitar da littafinsa na tsuntsayen Afirka ta Yamma. Mutum zai ce to, a huta. Ina! Ya kama koyon Larabci da furfurarsa, a 1934 yana da shekara 71 ya tafi ƙasar Larabawa neman tsuntsu. Ya rasu a watan Janairun 1940, littafin da yake rubutawa a kan tsuntsayen can bai fito ba. Bai mutu da yunwa ba. Ban kuma ga alamar ya tara abin duniya ba. Ke nan hujjar da na je nema ban samu ba, wadda za ta kwantar mini da hankali ma ban samu ba.

Akwai abu biyu a labarinsa da suka tsaya mini a rai, su nake so ki riƙe fiye da shekarun nan da na jero.

Bayan rasuwarsa, wani tsohon hafsan sojan Ingila mai suna Richard Meinertzhagen ya fitar da babban littafi a kan tsuntsayen ƙasar Larabawa a 1954, ya sha yabo. Masanan da suka bincika daga baya sun ce kaso mai yawa na littafin daga rubutun Bates ya fito. Ba a nan ta tsaya ba. An gano mutumin yana satar tsuntsayen da wasu suka tara a gidajen adana halittu, ya cire 'yar takardar ƙafa, ya ɗaura tasa da wurin ƙarya da kwanan watan ƙarya. Wata 'yar mujiya ta Indiya, saboda takardarsa guda ɗaya, an yi ta nemanta a wurin da ba daga can aka samo ta ba. Sai da wata masaniya, Pamela Rasmussen, ta tono ƙaryar, sannan aka je inda ya kamata aka same ta a 1997, bayan shekara 113 ba a gan ta ba. Uwata, duk ilimin nan naku a kan amana yake tsaye. Ba mai bin ki daji ya ga ko bakwai kika gani kika rubuta tara. A nan ba na jin tsoro a kanki ko kaɗan. Yarinyar da ta tambayi dattijo ko ya gani da idonsa ba za ta ƙara wa lissafi gishiri ba. Tsorona shi ne ranar da wani babba, mai sa hannu a takardar kuɗin bincikenki, zai so ki ƙara, ke kuma ki ba shi amsa irin ta bakin Binuwai. Ki ƙi, amma ki iya ƙi. Ni ban koya miki wannan ba, don ban iya ba: ko in yi shiru in haɗiye, ko in fashe.

Na biyun ya fi damuna. Tsuntsaye da dama suna ɗauke da sunan Bates har yau, har da wani mai saƙa sheƙa da ba a san shi ko'ina ba sai kudancin Kamaru, wanda ganinsa ma sai an yi sa'a. To wa ya hau bishiyar ya sauko da sheƙar? Wa ya san kukan, ya san kwarin da ake samunsa? Maharban Bulu da yaransu. Sunansu bai hau kan tsuntsu ba. Ba na ce mugu ne ba, zamaninsa ke nan. Amma ko a zamanin akwai wanda ya yi dabam: Boyd Alexander, Baturen da aka kashe a ƙasar Chadi a 1910 aka binne shi a Maiduguri, ya sa wa tsuntsu sunan mai taya shi aiki, José Lopes, mutumin tsibiran Kap Verde. Ashe ana iyawa.

Na kawo wannan ne saboda ke. Kina da ido, amma idonki ya fi ganin tsuntsu a kan mutum. Na lura da ke lokacin da kika je aikin hutu a gandun dajin Buba Njidda. Kin dawo da shafi-shafi na abin da kika gani a bakin Mayo Lidi, kina ta ba ni labari har tuwo ya huce. Na tambaye ki sunan mai bin sawun da ya yi ta yawo da ke a rana, kika yi jim, kika ce wani dogo ne daga Kum. Wani dogo! Mutumin da ya san inda zaki ya kwana, ya kauce da ke ba tare da ya gaya miki ba. Ba girman kai ba ne, na sani, hankalinki ne ke tafiya wuri ɗaya ya manta sauran. Amma wanda aka manta ba ya ganin cikin zuciyarki. Ki tambayi suna, ki rubuta shi a shafin da kika rubuta tsuntsun. In kin shiga ƙauye ki fara da gidan jauro kafin ki ɗaga madubin hangen nesa. Mu da muka tashi a ƙasar Rai Buba mun san ba a shiga wuri kai tsaye, ko da takardar gwamnati a aljihu. Ki zauna a tabarma, ki sha ruwan da aka ba ki, ki yi gaisuwar nan mai tsawo da kike cewa ɓata lokaci ce. Bafulatanin da ke bin shanu tun yana yaro ya san carki da balbela sanin da ba ya cikin littafinku.

Kada ki ɗauka Bates ne ya sa na sakar miki mara. Shi ya nuna mini cewa irinki sun taɓa zuwa duniya. Wanda ya nuna mini amfanin aikin wani Bafaranshe ne, Jean-Marc Thiollay. A 1973 ya bi hanyoyin arewacin Kamaru a mota, a hankali, yana ƙirga shaho da shirwa da gaggafa da angulu. A 2000 ya dawo ya bi hanyoyin nan dai, ya sake ƙirgawa. Ya tarar manyan gaggafa da angulaye sun ragu ƙwarai, musamman a wajen gandun daji. Da abokina ya gaya mini haka na ce ƙarya ne, angulu kuma? Washegari na bi ta mahauta. Na tsaya, abin da ban saba yi ba. Muna yara sai an sa mu kora su da sanda kafin mahauci ya sami wurin ajiye tire. Ran nan na daɗe kafin in ga ɗaya. Shekara da shekaru ina wucewa ta wurin, suna ƙarewa a kan idona, ban gani ba, don ba wanda ya rubuta nawa ne jiya. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa angulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Kin fi ni sanin dalilai: gubar da ake zuba wa mushe don kura ko zaki, angulu hamsin su sauka su mutu tare, masu sayen kai da ƙafa don tsubbu, da mafarautan giwa da ba sa son a ga angulu na shawagi a gane inda suka yi ɓarna. Kuma in babu ita, mushen jaki sai ya kwana uku a bayan gari, karnuka da ƙudaje su gaje shi.

Tunda na ambaci giwa, bari in faɗi abin da ke hana ni barci. Kina makaranta a farkon 2012 lokacin da mahaya dawakai ɗauke da bindigogi suka shigo Buba Njidda suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Mu da ke gari mun ga naman a kasuwa, mun ji warin daga bakin waɗanda suka shiga. Daga baya ga masu satar mutane don kuɗin fansa sun addabi ƙauyukan Mayo Rai. Dajin da kike so ke nan, hekta 220,000, ga kuma na Binuwai mai tsuntsu sama da iri 300, har da kurciyar nan ta Adamawa da Turawa ke biyan kuɗin jirgi don su gani. Na san nan za ki dawo, ba ofis a Yawunde ba. Ba zan ce kada ki shiga ba, na makara da wannan. Amma in masu gadin daji suka ce yau ba a bi ta nan, kada ki tambaye su ko sun gani da idonsu. Ki juya.

Gwaggonninki sun zo jiya da maganar da kika sani. Na ce musu karatu wata goma sha ne da 'yan kai, ba hijira ba ce, kuma wanda zai aure ki gara ya san tun yanzu cewa asuba ta fari matarsa na bakin rafi. Sun ce na lalata ki. Ban ba su amsa ba, don in akwai wanda ya tsaya miki tun farko ba ni ba ne. Madubin hangen nesan da ke wuyanki, da na ce miki rance na ci na saya, adashen innarki ne na shekara guda. Ni na je Garwa na sayo kawai, na kuma karɓi godiyar. Ta hana ni faɗa, ga shi na faɗa. Kada ki nuna mata kin sani, ki dai san wa za ki fara saya wa atamfa.

Cibiyar da za ki, ta Leventis da ke dajin Amurum a Laminga, na yi tambaya a kanta. Tana ƙarƙashin Jami'ar Jos, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, ba ke kaɗai ce baƙuwa ba. Za su koya miki kafa raga, da riƙe ɗan tsuntsu a tafin hannu ba ki karya shi ba, da auna fiffike, da sa zobe mai lamba a ƙafa a sake shi. Na ji daɗi da na ji yanzu sakewa ake yi. A duwatsun wurin akwai wani ɗan jan tsuntsu da Robert Payne na Jami'ar Michigan ya bayyana wa duniya a 1998, kuma yadda aka gano shi zai burge ki. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu da ba ya sheƙa, sai ya saka ƙwansa a ta wani, ɗansa ya tashi a gidan riƙo ya koyi kukan masu gidan. Payne ya ji baƙin yana rera kukan da bai san mai shi ba, ya ce lallai akwai mai gidan da ba a sani ba, aka nema aka samu. Kunne ya riga ido. In kin gan shi ki ɗauko mini hoto, ko da a waya ne.

Turancin Ingilishi zai ba ki wuya watannin farko, ke da kika yi karatu da Faransanci. Kada ki yi abin da kika saba, wato ki yi shiru har sai kin tabbata jimlarki ba kuskure. Ki yi ta kwaɓawa, su yi dariya, ki wuce. A kasuwa kuwa Hausarki ta ishe ki, sai dai za su ce kina ja mata wuya irin na mutanen Adamawa.

Kuɗin da ke cikin safa sefa ne, kada ki canza duka a iyaka, ki bar rabi sai kin isa Yola kin ji farashi. Maganin zazzaɓi na aljihun gefe, yajin innarki na cikin gwangwanin madara. Ki riƙa kiranta ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin ne take gida kuma layi ya fi kamawa. Ni ba sai kin kira ni ba, ina kusa da ita, ina jin komai.

Allah ya tsare, ya yi miki albarka.

Babanki